'Yan Tsaki a Ɗakin Takaba

Baba ya rasu da kaka, ana tsaka da yankan dawa. Bai yi jinya ba. Ya dawo daga gona da yamma ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin Yayana ya samo motar da za ta kai shi asibiti a Gezawa, rai ya yi halinsa. Ni a lokacin ina birni, a Rijiyar Zaki, inda nake aure, ina kuma koyarwa a wata makarantar firamare. Na zo aka yi zaman makoki da ni, bayan sadakar bakwai na koma bakin aiki.

Da aka ba mu hutun ƙarshen shekara sai Yaya ya kira ni a waya. Shi ba mutum ne mai yawan magana ba, don haka da ya ce, "In da hali ki zo ki ɗan zauna da Inna, ni dai ban gane mata ba," ban tsaya tambayarsa komai ba. Na gaya wa maigidana, ya ce in tafi, washegari na hau mota.

Na tarar da Inna a ɗakinta, zaune a kan tabarma, carbi a hannu. Ta amsa gaisuwata, ta tambaye ni mutanen gida, shi ke nan ta yi shiru. Takaba dai kowa ya san yadda take, ba fita, ba kwalli, ba turare, amma abin da na gani ya wuce takaba. Inna mace ce mai kazar-kazar, ita ke yin daddawar da rabin ƙauyenmu ke miya da ita, ba ta iya zama wuri ɗaya. Yanzu kuwa sai a kawo tuwo ta taɓa loma biyu ta ture kwanon. In na ce, "Inna, ki ƙara mana," sai ta ce, "Na ƙoshi, Auta." In na ɗauko hira ta saurara, in na gama ba ta ce komai ba. Ban ga tana kuka ba ko sau ɗaya. Da ma kukan take yi, da hankalina ya fi kwanciya.

Sanyin shekarar kuma ya zo da ƙarfinsa. Ruwan randa in ka taɓa da asuba sai ka ji har cikin haƙori. Dattawa sukan hura wutar kara a ƙofar masallaci su kewaye ta, awaki su cure a jikin bango inda rana ke fara sauka. Ni da na saba da ɗakin siminti, sai a lokacin na tuna amfanin ɗakin ƙasa, don ɗakin Inna ya fi ko'ina ɗumi a gidan.

Kiwon kaji a gidanmu na Baba ne. Shi ke watsa musu hatsi da safe, shi ke rufe akurki da magariba, Inna kuwa kullum cikin faɗa take da su don suna yi mata ɓarna a shanya. Da ya rasu, yawancinsu an yanka wa baƙin da suka zo ta'aziyya daga nesa. Wata jar kaza ce kawai ta tsira, ita ma don ba a ganinta ne. Ashe ta samu wuri a ƙarƙashin rumbu ta zuba ƙwai ta kwanta a kai, babu wanda ya lura.

Wata safiya, gari ya ɗan yi haske, na fito zan dama koko sai na ga gashin kaza warwatse daga gindin rumbu har bakin danga. Na kira Yaya. Ya duba sawu ya ce muzuru ne ya kama jar kazar. Muna tsaye sai muka ji wani ɗan siririn kuka daga ƙarƙashin rumbun. Yaya ya durƙusa ya zura hannu, ya riƙa zaro 'yan tsaki ɗaya bayan ɗaya yana miƙo mini ina zubawa a zanina. Guda shida, wasu ma gashinsu bai gama bushewa ba. Sai kuma ƙwai huɗu da suka tsage, ana hango ɗan baki ta cikin tsagar.

"Waɗannan ba za su kai gobe ba," in ji Yaya. "Ba uwa, ga wannan sanyi. Ki bar su kawai."

Sai muka ji murya daga bayanmu.

"Kawo su nan."

Inna ce a bakin ƙofarta, ta ɗaga labule. Tun zuwana ban ji ta ɗaga murya haka ba.

"Har da ƙwan. Ku yi sauri, kada su huce."

Muka kai mata. Ta sa na ɗauko wani tsohon kwando na shimfiɗa tsumma a ciki, ta sa Yaya ya kwaso garwashi daga murhu a kasko, ta ce a rufe shi da toka don ya daɗe kuma kada zafin ya yi yawa. Ƙwan nan huɗu kuwa, ta buɗe tukunyar da take ajiye audugarta ta kaɗi, ta shimfiɗa audugar a ƙoƙo, ta jera su, ta ɗan yayyafa musu ruwan ɗumi da yatsa, sannan ta ɗora ƙoƙon a cinyarta ta lulluɓe da mayafi. Haka ta wuni. In lokacin salla ya yi sai ta miƙo mini ta ce, "Riƙe, kada ki motsa su." Kafin la'asar uku sun fito. Na huɗun bai fito ba. Ta kara shi a kunne ta saurara, ta girgiza kai, ta ba ni na kai bayan gida na binne.

Ni a zatona Inna ba ta san komai game da kaji ba sai korar su. Na faɗa mata haka. Ta ce, "Shekara nawa ina kallon babanku? Ko makaho ne ya koya."

Aikin 'yan tsaki marasa uwa ba ƙarami ba ne. Ba su san ci ba, ba su san sha ba, sai an nuna musu. Inna ta sa na zuba ruwa a murfin kwano, ta jera tsakuwoyi a ciki don kada wani ya faɗa ya jiƙe, ta riƙa kama su ɗaya-ɗaya tana tsoma bakinsu. Ɗan tsako ya ɗaga kai sama ya haɗiye, sai ta ajiye shi ta kama na gaba. Da na kawo mata tsakin da aka ɓarzo a inji ta murza a hannu ta ce ya yi musu girma. Ta sa aka shigo mata da dutsen niƙa har cikin ɗaki, ta durƙusa ta ɓarza gero da kanta. Ta zuba a faifai, ta riƙa ƙwanƙwasa faifan da farce kamar bakin kaza tana cewa, "Kur, kur, kur." Da farko suka tsaya suna kallonta. Can wani mai baƙin ɗigo a ka ya matso ya kai cara kusa da yatsanta, sauran suka bi shi.

Da ta gama niƙan nan ta zauna tana haki. Sai ta ce, "Auta, da sauran kokon nan?"

Na ce akwai. Babu, amma na fita da sauri na dama wani. Ta shanye kofi guda tas.

Yaya da ya ce ba za su kai gobe ba, shi ne ya koma mai samo musu gara. Yakan cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da gutsattsarin kara, ya yayyafa ruwa, ya kai bakin suri a gona ya kife. Da safe ya ɗauko ta cike da gara ya zazzage musu a kan buhu. In ka ga yadda suke rububi, wani ya cafki gara ya ruga da ita kusurwa sauran su bi shi alhali ga tuli a gabansu, dole ka yi murmushi. Yaya yakan tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu yana cewa, "Kai, waɗannan da haɗama suke." Yakan daɗe a tsaye kafin ya tuna da aikin da ke jiransa.

Wadda abin bai yi wa daɗi ba ita ce Gwaggo, yayar Baba. Gidanta yana can ƙarshen ƙauye, amma kusan kullum sai ta tako da sandarta ta zo duba mai takaba. Mace ce mai tsare al'ada, ba ta ɗaukar wasa, mu duka tsoronta muke ji tun muna yara. Ranar da ta fara tarar da kwandon ta tsaya turus a bakin ƙofa ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Me zan gani haka? Ɗakin mai takaba ne ko akurki?"

"Marayu ne, Gwaggon yara," in ji Inna. Haka take kiranta.

"Marayu! To a ina kike salla, cikin kashin kaji?"

Inna ta nuna mata. Kowace safiya nakan kwashe rairayin da ke ƙarƙashin kwandon in zubar, in barbaɗa toka, in zuba sabo, dardumar salla kuma tana can ɗaya gefen ba abin da ke taɓa ta. Gwaggo ba ta gamsu ba. Ta sa Yaya ya je ya tambayi liman. Ya dawo ya ce liman ya ce ba laifi muddin wurin salla da tufafi suna da tsabta, kuma tausayin abin da ke da rai lada ne. Gwaggo ta taɓe baki ta ce, "To, tunda malamai sun faɗa." Amma duk ranar da ta zo, a bakin ƙofa take zama, ba ta shiga.

Sai ga wata safiya da ta fi kowace sanyi. Inna ba ta yarda a rufe 'yar tagar ɗakin gaba ɗaya, ta ce hayaƙin gawayi mugu ne, yana kashe mutum ma balle ɗan tsako. A ranar iska ta shigo ta tagar, garwashin ya mutu tun kafin kiran salla. Da muka idar muka yaye tsumman da ke kan kwandon, sai muka ga sun cure a kusurwa ɗaya, wani kan wani. Inna ta rarraba su da yatsa. Biyu ne a ƙasa. Ɗaya ya riga ya sandare. Ɗayan, ƙaramin cikinsu, wanda ya fito daga ƙwai a ƙarshe, yana kwance ƙafafu a miƙe, ido a rufe, amma jikinsa bai ƙage ba.

Na ruga na hura wuta. Kafin in dawo Inna ta dunƙule shi a tafin hannunta tana hura masa iskar bakinta. Ta yi ta yi, bai motsa ba. Sai ta ce, "Miƙo mini ƙwaryar can."

Ta kwantar da shi a ƙasa kusa da kaskon, ta kife ƙwaryar a kansa, ta shiga kaɗa bayanta da yatsu. Na san abin, muna yara mun sha yi wa 'yan tsakin da suka suma, amma na manta da shi sai a ranar. Ta fara a hankali, sannan ta ƙara ƙarfi da hannu biyu. Gari shiru da sassafe, sautin ya cika gidan.

Daidai lokacin Gwaggo ta shigo zaure da kwanon kunu a hannu. Tun daga can muka jiyo ta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kiɗan ƙwarya? A gidan nan? Ƙanina ko ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba! Wace mara kunyar ce?"

Ta fizge labule. Ta ga mai takabar ce da kanta, durƙushe, tana kiɗa. Inna ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Dakata, Gwaggon yara," ta ce, ta ci gaba.

Can ta tsaya, ta ɗaga ƙwaryar a hankali. Ga ɗan tsako a tsugune, ido a buɗe, yana layi kamar wanda aka tasa daga barci. Ya yi taku ɗaya ya faɗi, ya sake miƙewa, ya buɗe baki ya yi wani ɗan kuka. Har yau ban sani ba ko kiɗan ne ya tashe shi ko ɗumin kaskon, kuma ban damu in sani ba.

Gwaggo ta ajiye kwanon kunu. Ta shigo ɗakin, karo na farko tun zuwan kajin, ta zauna a bakin gado. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce.

"Wallahi shi ne," ta ce. "Ƙanina ne sak. Yana ɗan ƙanƙane ya taɓa ɗauke sabuwar ƙwaryar innarmu, wadda ko fura ba a dama a ciki ba, ya kife a kan wani ɗan tsako da jaki ya take. Da ya ga yatsu ba su isa ba sai ya ɗauko muciya. Bugu ɗaya ƙwarya ta dare biyu."

"Ɗan tsakon fa?" na tambaya.

"Ɗan tsakon da jaki ya take? Ai tuni ya riga mu gidan gaskiya. Shi kuwa ya sha duka, yana kuka yana cewa ba a bar shi ya gama ba ne."

Inna ta fashe da dariya. Ta yi dariya har ta dafe ciki, daga nan dariyar ta juye ta zama kuka, kuka sosai irin wanda ba ta yi ba tun ranar rasuwa. Gwaggo ta sauko ƙasa ta riƙe ta, ita ma hawaye na zuba. Ba wadda ta ce wa wata ta yi haƙuri. Na ɗauki ɗan tsakon na sa a cikin rigata na fita tsakar gida na bar su.

Da na dawo kunun ya huce, suna sha a kwano ɗaya, Inna tana ba Gwaggo labarin yadda Baba ya taɓa tafiya kasuwa sayar da zakara, ya dawo da shi da yamma ya ce wai masu sayen ba su da fuskar mutanen kirki. Daga ranar ta riƙa ambatonsa. Wani lokaci ta yi dariya, wani lokaci ta share ido, amma tana magana.

Gwaggo ce ta kawo dabarar tulu. Ta ce garwashi ba abin dogaro ba ne, a cika ƙaramin tulu da ruwan zafi, a toshe bakinsa, a naɗe shi da wani abu mai kauri a sa a tsakiyar kwandon, zai riƙe ɗumi har safe. Muka duba abin naɗewa. Akwai wata tsohuwar rigar sanyi ta Baba rataye a ƙusa bayan ƙofa, gwiwar hannunta duk ta ɓule, shi ya sa ba a haɗa ta da kayan da aka bayar sadaka ba. Ba wanda ya taɓa ta tun rasuwarsa. Inna ta miƙe ta sauko da ita, ta riƙe ta jim kaɗan, sannan ta naɗe tulun da ita ta ɗaure hannayen ta baya. 'Yan tsakin suka kewaye ta, suka cusa kawunansu cikin saƙar. Washegari Gwaggo ta zo da gero a ƙullin mayafi, ta ajiye ba ta ce na mene ne ba.

Hutuna ya ƙare na koma birni, amma na riƙa zuwa duk ranar Juma'a da yamma in koma Lahadi. A tsakiyar mako kuma sai in ga kiran Yaya, in ɗauka in ji muryar Inna. Ita da ba ta son waya, wai ba ta iya magana da wanda ba ta gani. Ba ta tsayawa doguwar gaisuwa. "Auta, fukafukai sun fara fitowa." Ko kuma, "Mai ɗigon nan zakara ne, na ga alamar tukku. Yau ya tsallake kwando ya hau mini gado." Kwando ya yi musu kaɗan, Yaya ya kewaye musu kusurwar ɗakin da guntun asabari.

Ana cikin haka ciwon kaji ya shigo ƙauyen, irin wanda yakan zo da sanyi. Kaza ta yi ta zawo fari, ta saki fukafukai, wuya ya murɗe, kafin a farga ta mutu. Ya bi gida-gida. Maƙwabciyarmu ta bayan danga ta wayi gari akurkinta ba ko ɗaya. Gwaggo ma nata suka ƙare. Aka yi kwanaki ba ka jin carar zakara da asuba a unguwarmu, abin da ban taɓa sani ba tun tasowata.

Inna ta kafa doka. Duk wanda ya taɓa kaza mara lafiya ba zai shiga ɗakinta ba, takalmi kuma a can nesa da ƙofa za a tuɓe. Har Gwaggo sai da ta wanke hannu da ƙafa da sabulu, tana mita tana wankewa. Da na gaya wa maigidana halin da ake ciki, ya je shagon masu maganin dabbobi ya sayo rigakafi, irin wanda ake ɗigawa a ido, aka sa mini shi cikin ƙanƙara a filas na taho da shi. Inna ta juya 'yar kwalbar a hannu tana kallo.

"Wannan ɗan abin? Ba zai makantar mini da su ba?"

"Ba zai makantar da su ba, Inna. Masu gidan gona ma shi suke sa wa nasu."

Ta ce, "To, bismillah. Amma ni zan riƙe."

Ta riƙa kama su tana tallafe kan kowanne da yatsu biyu, ni ina ɗigawa. Kowanne ya ƙifta ido ta ce masa sannu. Ciwon ya gama zagayensa ya wuce, takwas ɗin nan ba wanda ya ko yi tari.

Da sanyi ya fara sauƙi, rana ta fara zafi da hantsi, Inna ta ce lokacin fita ya yi. Amma shirwa tana nan, kuma da yake kajin ƙauyen sun ƙare yunwa take ji. Inna ta aiki Yaya kasuwa ya sayo galura ja, muka jiƙa, muka shafa musu a baya da fukafukai, don an ce shirwa ba ta gane ɗan tsako in ya canja launi. Suka fito tsakar gida jajaye kamar an tsoma su a manja. Da farko suka tsaya a bakin ƙofa suna leƙe. Mai ɗigon nan ya fara fita, ya tona ƙasa da ƙafa, ba wanda ya koya masa. Nan da nan suka bazu.

Inna ba ta yarda da galura ita kaɗai ba. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin rumbu, ta ajiye dogon kara a gefenta. Inuwa ta gilma a sama sai ta zabura tana kaɗa karan tana ihu har a ji ta a gida na uku. Gwaggo ta ce, "Lallai, kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa." Inna ta ce, "Faɗi ki ƙara." A zaunen nan ta ce a kawo mata kalwa ta fara tsincewa, wai hannunta ba ya son zaman banza. Kafin mako ya zagayo warin daddawa ya dawo gidanmu.

Ranar da ta fita takaba ta yi wanka, ta sa sabon zanin da Yaya ya saya mata, ta zizara kwalli. Aka yi 'yar sadaka. Da yamma ta ce in raka ta ta zaga gidajen da suka yi mana ɗawainiya ta yi godiya. Ta sa na ɗauko kwando. Cikin takwas ɗin biyar mata ne, uku maza, duk sun zama 'yan matasan kaji. Ta kama mata uku ta ɗaure musu ƙafa. Ɗaya ta Gwaggo, ɗaya ta maƙwabciyarmu, ɗaya ta wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai kusa da rijiya, wadda da ƙwan kajinta take sayen gishiri da omo. Maƙwabciyar ta ƙi karɓa, ta ce ita ya kamata ta kawo wa Inna abu. Inna ta ce, "Karɓi, iri ne. In ta ƙyanƙyashe kya ba wata." Ta ce duk mai bukatar zakara ya aiko a ba shi aro.

Ni kuma ta ba ni zakara ɗaya, fari mai jan wuya, ta ce in kai wa maigidana tukuicin magani. Na tafi da shi birni a kwali mai huji. Gidan haya muke, ɗaki-ɗaki, tsakar gida duk siminti. Na ɗaure shi a bayan kicin. Bai yi mako biyu ba ya koyi cara, da wata murya mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba, kuma bai san asuba kaɗai ake yi ba. Maƙwabta suka fara yi mini magana cikin wasa, daga baya wasan ya ragu. Maigidana ya ce, "Ai sabo da kaza ba ya hana yanka. Ranar Juma'a sai mu yi farfesu." Ya wasa wuƙa. Da ya kama shi na tuna ranar da na ɗiga masa magani a ido, na ce ya dakata. Ya dube ni, ya dubi zakaran, ya yi dariya ya mayar da wuƙar.

Ranar Asabar na sake sa shi a kwalin na hau motar Gezawa. Na tarar da Inna a tsakar gida, zani ɗaure a ƙugu, tana tsaye a kan Yaya yana kwaɓa ƙasa, wai tsohon akurkin Baba ya tsage, sabo take so, mai ƙofar langa-langa da muzuru ba zai iya turewa ba. Ta ga kwalin, ta ji motsi a ciki, ta riƙe haɓa.

"Birnin bai karɓe shi ba ke nan?"

Na ce bai karɓe shi ba.

"To sake shi ya je wurin 'yan'uwansa. Ke kuma ajiye jakar nan ki ɗebo wa yayanki ruwa, ƙasar ta yi tauri."

Na tuɓe takalmi na ɗauki bokiti na nufi rijiya.